Na Je Sayen Jaka, Ashe Hatimina Ya Riga Ni Hawa Bishiya

Ku gyara zama, 'yan uwana masu bibiyar wannan shafi, don yau ba ni da bakin doguwar gaisuwa. Raina a ɓace yake tun jiya, kuma in ban amayar muku da abin ba, to Mama zan amayar wa, ita kuwa har yanzu gani take alheri ta yi min.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Vendula, shekarata ashirin da tara, a garin Jihlava nake zaune da mahaifiyata a hawa na huɗu. Litinin zuwa Juma'a ina ofishin auna filaye. Asabar da Lahadi kuwa ina daji ko ƙarƙashin gada ina neman keška. Wani zai ɓoye ɗan gwangwani, shi ne keška, ya sa lambobin wurin a intanet, ke kuma ki bi waya har ki gano shi, ki sa sunanki a ɗan littafin da ke ciki, ki mayar yadda kika same shi, sannan ki rubuta a shafinki cewa kin samu. Ba kyauta, ba alƙali. Doka ɗaya ce ke riƙe da wasan kaf: ba ka sa sunanka a littafin da hannunka bai taɓa ba. Shekara goma sha ɗaya ina wannan abu da sunan Myška, wato 'yar ɓera, kuma ba wanda ya taɓa kama ni da ƙarya, don ban taɓa yi ba.

Daga jakata abin ya faro. 'Yar jakar ƙugu ce ruwan toka, ta sha ruwan sama, ta sha taɓo, amma hannuna ya san kowane lungu nata ko da ido rufe. Kwana goma sha biyu da suka wuce na dawo daga aiki na tarar da ita a shanye kan hitar ɗumama ɗaki, zif ya narke ya murɗe, igiyar ta rabu biyu. Mama ce ta jefa ta injin wanki a ruwan da take dafa zanin gado.

"Wari take yi, Vendulka," in ji ta. "Maƙwabta har sun fara kallona a lif."

"Mama, wa ya aike ki?"

"Ai sai da na zazzage kayan a tire. Ko allura ba ta ɓata ba."

Na kwashe tarkacen na juye a kwalin takalmi ban ko duba ba, na cusa ƙarƙashin gado. Fushi na yi da wasan gaba ɗaya. Ban sake buɗe shafina na keška ba, rukunin 'yan keška na garinmu ma na kashe masa ƙara. Wannan sakarcin nawa ne, na yarda.

Sai Hynek. Ɗan ƙawar Mama ne, Zdena, wadda suka yi shekara ashirin tare a gidan waya. Shekararsa talatin da uku, aikinsa hawa bishiyoyi yana sare rassan da suka mutu. Tun Kirsimeti yake cin abincin Lahadi a gidanmu, yana cinye knedlíky takwas, curin fulawar nan da ake dafawa, ya ce bai taɓa cin irinsu ba, Mama kuma ta yi ta narkewa. Kullum ƙarfe shida da rabi saƙonsa zai shigo: "Barka da asuba daga sama," da hoton takalminsa yana lilo a kan rufin mutane. Ni kuwa duk garin nan an san ba na hawa ko kujera. Barandarmu ma Mama ce ke shanya a kanta, ni daga bakin ƙofa nake miƙa mata kayan. Ba zan yi muku ƙarya ba, yaron yana da kyan hali da kyan kafaɗa. Amma duk lokacin da Mama ta ce, "'Yan ajinku duk suna tura keken jarirai, ke kina rarrafe ƙarƙashin gada," sai in ji kafaɗar ta fita min a rai.

Jiya Asabar da safe ina shan kofi, Mama ta shigo tana tafa hannu.

"Tashi ki shirya, Hynek na ƙasa. Zai kai ki ki zaɓi jaka."

"Wa ya ce masa jaka nake nema?"

"Ni. Ni na ɓata, ni zan gyara."

A kan gadona har ta shimfiɗa shuɗiyar rigar nan mai ƙananan furanni da na sa a bikin 'yar kawuna, ga takalmi mai tsini a gefe, ga 'yan kunnen kakata. Sayen jakar da za ta shiga taɓo za ni, amma an haɗa min kayan zuwa coci. Na zura wandona mai faci a guiwa, da koriyar suwaita, da takalmin daji, na ɗauko kwalina.

"Haka za ki fita? Kamar mai zuwa gyaran famfo?"

"Haka ya ganni, haka zai ci gaba da gani."

Ta tura min robar buchty, ƙananan burodin nan masu zaƙi, da zafinsu, ta ce in ba shi. Ni da aka haifa a gidan ko ɗaya ba a ce in ɗauka ba.

Motarsa warin garin katako da fetur take yi, igiyoyi a nannaɗe a baya. Tun daga ƙofar gida har kasuwa yake murmushi shi kaɗai.

"Me ake yi wa murmushi?" na ce.

"Ba komai. Shida ga wata ta kusa."

Ranar da sunana ke kan kalanda ke nan, ranar da ake kawo wa mutum fure da cakulan. Na ce a raina, to, ya sayo fure ke nan yake wannan rawar kai.

Shagon Anti Ilona muka je, ɗan ƙaramin shagon kayan daji a bayan dandali. Ita ma 'yar keška ce, ta girme ni da shekara ashirin, kuma kullum na shiga sai ta rungume ni. Jiya ko tashi ba ta yi ba. Ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Hynek.

"A'a, manyan gari. Jakar ƙasa ake so ko ta sama?"

"Wace iri ce ta sama kuma, Anti?"

"Oho. Ke za a tambaya."

Na ɗauka gajiya ce ke damunta, na wuce wajen jakunkuna. Kafin in kai hannu, Hynek ya kinkimo wata jakar goyo ja jawur, wadda za a iya sa ɗan maraƙi a ciki.

"Wannan fa? Har da wurin gorar ruwa biyu."

"Hijira zan yi?"

"Ai gara ta yi yawa da ta yi kaɗan."

Kun ji irin mutanen da ba su san wasa ba. Jakar keška ba a son a gan ta. Kina tsugune bayan akwatin wuta a tsakiyar gari, ga tsofaffi a kan benci suna kallon duk abin da ya motsa, in kika goya ja irin wannan, kafin ki buɗe gwangwani an kira 'yan sanda, gobe kuma wani ya zo ya kwashe abin ya zubar. Ana son ta ƙarama, mai launin da ido ke wucewa, wadda za ki buɗe da hannu ɗaya don ɗayan yana cikin rami. Ba a son mai maɗaurin nan da ke ƙara kamar ana yaga zane. Kuma dole a sami aljihu daban na abin da ya jiƙe, don littattafan da muke tararwa rabinsu sun zama kunu. Duk na faɗa masa wannan, yana gyaɗa kai kamar ɗalibi.

Na ware guda uku na kai kan kanta: baƙa ta ƙugu, wata ruwan ƙasa ta ratayawa a kafaɗa, da wata 'yar mitsitsiya koriya mai madauri biyu, ɗaya a ƙugu ɗaya a cinya. Sannan na juye kwalina, don ni ba na sayen jaka da ido, sai kayan sun shiga na gani. Hantsakin zaro takarda daga ƙananan gwangwanaye. Ɗan madubin leƙa ƙarƙashin benci. Mayen ƙarfe a kan sanda mai miƙewa. Tocila, safar hannu, fensir biyu don biro na daskarewa a sanyi, sababbin takardu a leda, da 'yan kwabban katako masu hoton ɓerata da muke musaya da juna. Ta kafaɗar ta cinye komai amma tana lilo, na ture ta. Baƙar ta yi daidai, har da wani ɗan aljihu a gaba. Na ce yawwa, nan hatimina zai zauna.

Na laluba kan kanta. Na girgiza kwalin. Na zazzage safar hannu.

Babu hatimi.

Ɗan hatimi ne kamar kan yatsa, mai hoton ɓera da sunana, da shi nake bugawa a kowane littafi tun ina shekara goma sha tara. Na fara kiran Mama ke nan, sai na ji Hynek ya yi gyaran murya. Ya sa hannu a aljihun ƙirji ya fito da shi, ya ajiye a gabana a hankali kamar mai ajiye zobe.

"Na so in bari sai shida ga wata," ya ce. "Amma tunda kin gano, buɗe shafinki."

Anti Ilona ta cire tabarau ta ajiye.

Na buɗe. Ranar da jakata ta mutu, keška dubu biyu da ɗari tara da tamanin da shida nake da su. Yanzu shafin cewa yake dubu uku cif, har da 'yar tuta ta taya murna. Guda goma sha huɗu sababbi, kuma dukkansu na kan bishiya ne, irin waɗanda sai da igiya da ɗamara, waɗanda shekara da shekaru nake wucewa ta ƙarƙashinsu ina sunkuyar da kai. A ƙarƙashin kowanne an rubuta da sunana: "Na hau cikin minti shida, ba wuya. Na gode."

"Hynek," na ce. "Me ka yi?"

"Mama ta ce saura goma sha huɗu ki cika, kuma na sama ne suka gagare ki. Ita ta ba ni hatimin, da tsohuwar kwamfutar kicin, shafinki a buɗe yake a ciki. Kullum bayan aiki nake yin biyu. Ɗaya ma a cikin ruwan sama na hau."

Wallahi yana faɗa yana jiran in rungume shi. Mama ma yake ce mata, ba kunya.

Na kunna ƙarar rukunin garinmu. Saƙo ɗari biyu da wani abu. Na fara karantawa.

"Jama'a, Myška ta fito da fuka-fuki."

"Wadda ta ƙi hawa tsani mai taki huɗu a taron bara?"

"Minti shida! Ni da igiyata minti arba'in na yi."

"Ko hayar biri ta yi ne?"

Wani ma cewa ya yi to yanzu sai a koma a duba sauran dubu biyun, wa ya san guda nawa ta taɓa da hannunta. Wannan ce ta soke ni. Na tuna ranar da na shiga bututun ruwa har ƙugu a watan Janairu, na tuna ƙaya, na tuna kaska, na tuna sau bakwai da na koma wuri ɗaya don ban yarda in rubuta abin da ban samu ba. Duk wannan mutum ɗaya ya shafe min shi cikin kwana bakwai, wai don ya faranta min. Garin neman gira an rasa ido.

"Da ma na ce ba halinki ba ne," in ji Anti Ilona. "Amma hatiminki ne, 'yar nan, da idona na ga hoton."

"Wai laifi ne?" Hynek ya tambaya, murmushin ya fara zamewa. "Ai gwangwanin an same shi. Suna ne kawai."

"Suna ne kawai?" Ban san na ɗaga murya ba sai da wani mai gwada takalmi ya juyo. "In na je na sare reshe a gidan mutane na ce kai ne, ya faɗo kan motarsu, suna ne kawai? Sunan shi ne wasan! Ba a ba mu komai a ciki sai shi! Ta dubu ukun ma na yi shekara ina tanadin inda zan yi ta, da ƙafata, kai ka je ka cinye min ita a kan reshe kana lilo."

"Ban sani ba, Vendula."

"Ka tambaya?"

Nan wayata ta yi ƙara, Mama.

"Ya nuna miki? Kin ji daɗi?"

"Mama, kin ba wani hatimina."

"Wani kuma? Hynek ne fa. Ke dai ba a iya miki. Namiji ya hau bishiya goma sha huɗu saboda ke, ubanki ko hawa huɗun nan sai da ya yi mita. Ki gode masa, ki gyara gashinki, kuma ku taho da wuri, na gayyaci Zdena cin rana."

Na kashe wayar. Karon farko ke nan a rayuwata da na kashe wa Mama waya, kuma ban yi nadama ba har yanzu da nake rubuta muku.

A tsaye a wurin na goge duk goma sha huɗun daga shafina, ɗaya bayan ɗaya, har lambar ta koma inda na bar ta. Sannan na rubuta a rukuni: "Ba ni na hau ba. An ɗauki hatimina ban sani ba. Na goge duka. Ku yi haƙuri." Na ɗauka magana ta ƙare.

Ko minti biyu ba a yi ba amsa ta shigo daga Baba Bohumil. Tsohon ma'aikacin gandun daji ne, ya haura saba'in, shi ya ɓoye keška ta farko a yankinmu, kuma shi ya ba ni fensir ranar da na fara, na zo hannu rabbana. Duk cikin saƙo ɗari biyun nan bai ce uffan ba sai yanzu. Ta dubu ukun da Hynek ya cinye min, tasa ce, a kan doguwar bishiyar da ke bayan tafki, mita ashirin da biyu.

"Myška, na ji. Shafi ana gogewa, tawada ba a gogewa. Ɓerarki na nan a littafina, kuma ni ba a yaga min takarda, ba a soke min layi. Hatimi hannunki ne, in kin bar shi a tire, ke kika bari. Asabar mai zuwa muna taro a gindin bishiyar ƙarfe tara. Ko ki hau ki sa hannu da fensir kusa da ita ta zama gaskiya, ko ta zauna a can a matsayin ƙarya duk wanda ya hau ya gani. Sauran goma sha ukun ba nawa ba ne, amma na san masu su, abin da na yi za su yi."

Na karanta sau biyu. Mita ashirin da biyu, ni da ba na hawa ko kujera.

"Zan hau in cire takardar," in ji Hynek da sauri. "Yau ɗin nan. Ba wanda zai sani."

"Ka sake taɓa littafin wani a garin nan," Anti Ilona ta ce, "ni da kaina zan sare bishiyar kana kai."

Na dubi baƙar jakar da na riga na zaɓa, mai ɗan aljihun hatimi. Kyakkyawa ce, ta mutumin da zai ci gaba da rarrafe a ƙasa, yana shiga taro ana yi masa kallon gefe. Zan iya ɗaukarta in canza suna, in fara daga ɗaya, ba wanda zai hana ni. Amma shekara goma sha ɗaya fa. Ni ban yi ƙarya ba, kuma ba zan bar ƙarya tana lilo da sunana a saman gari ba.

"Anti, in mutum zai hau, wacce ake ɗauka?"

Ta turo min 'yar koriyar nan mai madauri biyu. "Wannan ba ta lilo, ba ta kama reshe, kuma tana zama ƙasa da ɗamara. Amma ba za ta ci rabin tarkacenki ba."

Na gwada. Madubi bai shiga ba, mayen ƙarfe bai shiga ba, tocila ma da ƙyar. Na bar fensir biyu, da hantsaki, da safar hannu. Na ɗaura ta a ƙugu na ja madaurin cinya har sai da ya matse ni. Hynek ya kai hannu aljihu zai biya, na yi masa wani kallo, ya mayar da hannun.

Sannan na rubuta wa Baba Bohumil: "Zan zo. Kai za ka riƙe min igiya?"

Ya daɗe yana rubutu, yana tsayawa, yana ci gaba.

"Kafaɗata ta daina wannan aikin tun bara, 'yata. Mutum ɗaya ne a garin nan zan yarda ya riƙe igiyar wadda ba ta taɓa hawa ba. Ban san hankalinsa ba, amma ƙullinsa na gani a reshena, ba shi da na biyu. Ina jin yana tsaye kusa da ke."

Na ɗaga kai. Yana nan tsaye rungume da robar buchty, fuskarsa kamar ta wanda aka kama da hannu a tukunya. Mutumin da ya zubar min da mutunci, shi zan miƙa wa raina a kan igiya, a gaban duk wanda ya kira ni mai hayar biri.

"Igiyarka tana ɗaukar kilo nawa?" na ce.

"Ta ɗauki mutum goma irinki."

"Gobe ƙarfe takwas za ka fara koya min. Ka riƙe igiya, ka riƙe bakinka. In ka sake ka ce min ba wuya, a kanka zan faɗo."

"To," ya ce. "Daga wace bishiya za mu fara?"

Na dubi ɗan tsanin da Anti Ilona ke hawa ta ɗauko kaya a saman kanta, taki uku ne kacal. Na kama shi da hannu biyu na ɗora ƙafa a na farko, na ɗora a na biyu, sai na dubi ƙasa. A nan na tsaya, ban iya hawa na uku ba, ban iya saukowa ba, ga Asabar saura kwana bakwai.